Kogin da Ya Kewaye Mu



Akwai wani abu da direbobinmu na manyan motoci suka daɗe da sani, ko da yake ba kowa ne ya tsaya ya yi tunani a kansa ba. Babu hanyar da mutum zai biyo daga sauran jihohin Nijeriya ya shigo Kalaba da mota ba tare da ya haye Kogin Kuros ba. In ka biyo ta Katsina-Ala da Ogoja, gadar Ikom tana nan tana jiranka. In ta Abakaliki ka ɓullo ka yanko ta ƙasa, za ka haye a Itigidi kafin ka faɗa Ugep. In kuwa ta Aba da Ikot Ekpene ne, to sai gadar Itu. Dalili shi ne kogin ya lanƙwashe kamar lauje, mu kuma muna zaune a cikin bakin laujen. Galibinmu da dare muke haye shi, muna gyangyaɗi a kan buhunan albasa ko a kujerar baya, abin da kawai muke ji shi ne ƙarar tayoyi ta sauya na ɗan lokaci. Shekaruna sun haura 20 a wannan gari, kuma sana'ar namijin goro da manja ta sa na ga kogin nan a wurare da yawa, daga samansa har bakinsa. Shi ne nake son in ɗan ba da labarinsa yadda na san shi.

Ni a kusa da Wudil na tashi, saboda haka abin da na sani da suna kogi shi ne abin da duk ɗan ƙasar Kano ya sani. Da damina ya cika ya yi ja, da rani ya janye ya bar rairayi, masu ɗibar yashi su shiga da motocinsu, masu lambu su bi gefensa da tumatir da albasa. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 ma, cikarsa da ƙafewarsa sun koma hannun masu buɗe ruwa da rufewa. Ruwan da ya wuce ta ƙarƙashin gadar Wudil kuwa Haɗeja ya nufa, daga nan ya bazu cikin fadamun Nguru, abin da ya rage ya bi ta Gashuwa ya nufi Tafkin Chadi. Wato dai kogin garinmu bai taɓa ganin teku ba, a cikin ƙasa yake ƙarewa. Shi ya sa Bahaushen da ya zo nan yake ɗaukar lokaci kafin ya gane irin ruwan da yake zaune kusa da shi.

Kogin Kuros a duwatsun yammacin Kamaru yake tasowa, kuma a can Manyu suke kiransa. Tsawonsa duka bai wuce kilomita 489 ba, wato tafiyar Kano zuwa Abuja da 'yan kai. In aka jera shi da Kwara, wadda ta haura kilomita 4,000, sai a ce ƙaramin yaro ne. To amma fa yawan ruwan kogi ba a tsawonsa yake ba, a saman da ke zubo masa yake. Iskar nan ta damina da muke jira a Arewa daga tekun nan take tasowa, ɗauke da danshi, kuma duwatsun wannan yanki ne farkon abin da take cin karo da shi. Da ta hau su sai ta yi sanyi, ta sauke kayanta. Abin da ya isa Kano da Katsina saura ne. Kalaba tana samun ruwan sama kusan milimita 3,000 a shekara, Kano kuwa ba ta cika kaiwa 1,000 ba. Mu da ke nan ba ma buƙatar lissafi, domin mun san yadda ake shanya kaya kwana uku ba su bushe ba, da yadda takalmin fata ke yin hunhuna a ƙarƙashin gado. Ruwa yakan fara tun wajen watan Maris, bai ɗauke sosai ba sai Nuwamba.

Na je Mamfe sau biyu, tun kafin rikicin yankin masu magana da Turanci na Kamaru ya ɓarke a ƙarshen 2016. Garin a cikin kwari yake, duwatsu sun kewaye shi, ƙoramu suna gangarowa daga kowace kusurwa suna haɗuwa a wajen. Akwai tsohuwar gadar igiyar ƙarfe da Jamusawa suka bari tun zamanin mulkinsu, in ka hau ta tana lilo, ruwa yana can ƙasa da nisa a tsakanin gaɓoɓi masu tsayi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne tarkacen itace da ciyayi da na gani maƙale a rassan bishiyoyi can sama da kaina. Mai masaukina ya ce nan ne ruwa ya kai a daminar da ta wuce. A ƙiyasina ya fi tsayin mutum uku daga inda ruwan yake a ranar. Babu wani babban dam da ya tare wannan kogi daga samansa har teku, saboda haka yadda Allah ya saukar da ruwan haka yake tahowa, ba mai rage shi ba mai ƙara shi.

Daga Mamfe ya nufo yamma ya shigo Nijeriya ta wajen Ekok da Mfum, inda aka buɗe sabuwar gadar kan iyaka a 2022. Kafin nan 'yar siririyar gada ce ta tun zamanin Turawa, mota ɗaya take ɗauka a lokaci guda, kuma duk wanda ya yi fataucin wannan hanya ya san zaman jiran da ake yi a bakinta. Iyakar kanta ba ta daɗe ba in an kwatanta da kogin. Daga bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya har zuwa samun 'yancin kan Nijeriya a 1960, Mamfe da Kalaba duk a hannun Ingila suke, ana mulkinsu tare. Mutanen Ejagham suna nan a tsallaken nan da tsallaken can, harshe ɗaya, dangi ɗaya. Shi ya sa da rikicin nan ya yi zafi, dubban mutane suka tsallako ta daji da ta ruwa, wasu suka sauka wajen 'yan uwansu a ƙauyukan Ikom, wasu aka kai su sansani a Ogoja.

A wannan yanki ne kogin ke gudu a kan duwatsu yana kumfa, kuma nan ne ya taka wa Turawan farko birki. A 1842 wani Bature mai suna John Beecroft ya hau kogin da jirgin tururi mai suna Ethiope, ya yi ta tafiya har ya iso waɗannan duwatsu, ya kasa wucewa, ya juya. Sunan jirgin nasa aka laƙaba wa wurin a taswirorin Turawa. Kusa da nan kuma Agbokim take, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse a rabe gida bakwai. In za ka je, je da damina, ka kuma tafi da rigar da ba ka jin tausayinta, don tun daga nesa feshin zai jiƙa ka.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni sha'awa game da tafiyar wannan kogi. In ka ɗauki taswira ka duba Ikom, za ka ga teku tana kudu da ita, ba nisa can. Ruwa kuwa kowa ya san gangare yake bi. Amma kogin bai yi kudu ba, sai ya ci gaba da tafiya yamma, har yana ɗan karkata arewa, ya wuce Obubra, ya doshi ƙasar Ibo, sai can wajen Afikpo ya juyo kudu. Abin da ya hana shi yankewa shi ne duwatsun Oban, wani tsohon dutse mai tauri da ya tokare tsakanin Ikom da Kalaba. Kogin bai iya huda shi ba, sai ya bi ƙasa mai laushi da ke kewaye da shi. Laujen da na faɗa ke nan. Wannan zagaye ya jawo masa riba, domin a hanya ya tattara ruwan da ba don haka ba da bai same shi ba: kogin Afi, da ƙoramun Ogoja da ke saukowa daga tsaunin Obudu, da kogunan ƙasar Abakaliki inda ake noman shinkafar nan da muke saya. A kan tsaunin Obudu, mai tsayin sama da mita 1,500, akwai inda ruwan sama in ya faɗi wannan gefe zai zo Kalaba, in ya faɗi wancan gefe sai Katsina-Ala da Binuwai. Tsayin nan ne ya sa tsando ba ya zama a can, har Turawa suka kafa wurin kiwon shanu a 1951. Mahautanmu sun san bambancin, don saniyar Arewa in ta sauko cikin kurmin nan ba ta daɗewa sammore bai taɓa ta ba.

Ikom garin koko ne da ayaba da namijin goro, kuma a nan na fi zama in na fita sayayya. A ƙauyukan da ke arewa da garin, irin su Alok, akwai wasu duwatsu da mutanen da suka sassaƙa da fuskoki da cibiya, suna tsaye a da'ira, wajen 300 in an haɗa na duk ƙauyukan. Na ambace su ne don a san cewa bakin wannan ruwa ya daɗe da mutane.

Tsakiyar kogin, daga Obubra zuwa Itu, ita ce ta fi kama da gida. Da rani rairayi yakan fito fari fat, mata suna wanki, yara suna wasa, masu kwalekwale suna fito da mutane da babura. Gonakin doya da rogo ne hagu da dama. Wanda ya tsaya a gadar Itigidi a watan Fabrairu, hazon hunturu ya ɗan sauko, zai iya rantsewa a wani wuri yake a bakin Binuwai. A Itu ne rafin Enyong ya shigo, kuma ta wannan rafi fataken Arochukwu suka riƙa sauko da bayi, ana miƙa su ga attajiran Efik, su kuma su sayar wa jiragen Turawa a Kalaba. Daga baya manja ya maye gurbin mutane, a hanyar ruwa guda. Baturiyar mishan ɗin nan Mary Slessor, wadda gunkinta yake tsaye a cikin gari ɗauke da tagwaye, a wannan yanki na Itu ta ƙare rayuwarta a 1915.

Daga Itu zuwa ƙasa kuma sai kogin ya sami wani ubangidan. Can sama ruwan sama ne ke juya shi, nan ƙasa kuwa teku ce. Sau biyu a yini da dare teku takan cika ta turo ruwanta cikin kogin, har ka ga ganye da karare suna tafiya sama, wato suna komawa inda suka fito. Bayan wajen awa 6 sai ta janye, kogin ya koma gangarensa, laka baƙa ta fito fili, kwalekwalen da ka bari yana lilo a kan ruwa ka dawo ka tarar da shi a kwance cikin taɓo. Ranar da na fara ganin ruwa yana gudu baya, na daɗe a tsaye a bakin Marina ina kallo. Wani dattijo daga cikin tsofaffin Bogobiri, Allah ya ji ƙansa, shi ya warware mini. Ya ce, "Yaro, wata nawa yau?" Na ce, "Sha huɗu, Baba." Ya ce, "To ka dawo ran ashirin da ɗaya ka duba inda ruwan zai tsaya."

Na koma, na kuwa ga bai kai inda ya kai ba. Abin da ke faruwa shi ne wata yana jan ruwan teku, rana ma tana ja. A tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, jan nasu yakan zo a layi ɗaya, sai cikar ta yi yawa, janyewar ma ta yi nisa. A ran bakwai da ran ashirin da ɗaya ko da biyu kuwa, kowanne yana ja ta nasa gefen, sai abin ya yi sauƙi. Kuma kullum lokacin cikar yana jinkirta da kusan minti 50, daidai da yadda fitowar wata ke jinkirta kowane dare. To ka ga mu da muka tashi da lissafin kwanan wata saboda azumi da salla, muna riƙe da jadawalin tekun nan a kanmu. Masuntan Efik da na Oron ma da wata suke aiki. Na taɓa gaya wa wani mai jirgi cewa gobe ruwa zai cika sosai da asuba, ya dube ni ya yi dariya, ya ce da Turancin buroka, "Malam, kai da ba ka iya iyo ba, wa ya gaya maka?" Na nuna masa sama.

A nan ya kamata in gyara wani abu da baƙi ke yawan ruɗewa a kansa. Ruwan da ke gaban Marina da tashar jiragen ruwa ba shi ne Kogin Kuros ba, wannan Kogin Kalaba ne. Wanda ke bayan gari ta gabas, ta wajen jami'a, shi ne Kwa Babba. Su biyun daga duwatsun Oban ɗin nan suke saukowa kai tsaye, su ne suka bi gajeriyar hanyar da babban ya kasa bi. A kan Kwa ne magangarar ruwan nan take a ƙasar Akamkpa, wadda sai ka sauka matakala fiye da 200 kafin ka kai gindinta, hawowa kuma sai mai sauran gwiwa. Garin Kalaba a kan tudu yake tsakanin waɗannan koguna biyu, kuma can ƙasa da gari ne duk suke zubawa cikin bakin Kuros. Wannan tudu da zurfin ruwan gabansa su suka jawo jiragen Turawa, har garin ya zama hedikwatar Kudancin Nijeriya kafin a mayar da ita Legas a 1906. Unguwarmu ta Bogobiri ma, wadda ake cewa daga kalmar Bagobiri sunanta ya samo asali, albarkacin wannan ruwa ta kafu, don ba don tashar ba da babu kasuwar da za ta kira kakanninmu.

Mai son ya ga bakin kogin da idonsa sai ya hau jirgin Oron. Tafiyar ba ta da tsawo a ƙaramin jirgi mai inji, amma ina ba da shawara a sa rigar ruwan nan da suke bayarwa, a kuma tafi da safe kafin iska ta tashi. Da kun bar gari sai gaɓa ta ɓace, domin babu ƙasa a gefen, itatuwa ne tsaye cikin ruwa. Irin itacen nan ne da Turawa ke kira mangurob, wanda saiwoyinsa suke fitowa daga jikinsa su lanƙwaso su cake cikin laka, ka ce mutum ne ya tattare riga yana tsallaka rafi. Ruwan wajen gauraye ne, ba daɗi ba gishiri, kuma ba kowane tsiro ke iya rayuwa a cikinsa ba. A tsakanin waɗannan saiwoyi ne kifi da jatan lande ke yin ƙwai, 'ya'yan su girma inda manyan kifaye ba sa iya shiga. Ƙananan dodon koɗin nan da matan Efik ke zubawa a miyar afang a lakar wajen ake tsintarsu. Buhunan busasshen jatan lande da ake lodawa daga Oron zuwa kasuwannin Arewa ma daga nan asalinsu yake. Har ayu akwai a waɗannan ruwaye, wanda mu a gida sai dai mu ji labarin mansa a bakin masu magani.

To amma in ka lura da kyau, za ka ga a wurare da yawa wani tsiro ya maye gurbin itacen. Kamar kwakwar manja yake, sai dai ba shi da gangar jiki, ganyen daga cikin laka yake fitowa. Sunansa nipa, kuma baƙo ne kamar mu, sai dai shi bai iya zama da mutane ba. A 1906 aka kawo shi Kalaba daga Singafo, 'ya'yansa kuma suna yawo a kan ruwa, duk inda cikar teku ta ajiye su sai su kama. Inda aka sare itacen asali don ƙyafe kifi ko don girki, nipa ce ke riga kowa zuwa, in ta kafu kuwa ba ta barin wani ya tsiro. Masunta suna kuka da ita, sun ce kifi ba ya zama a gindinta yadda yake zama a saiwar wancan.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Kogin nan daji ne ke riƙe da shi. Ruwan da ke sauka a Oban da Boki da duwatsun Kamaru, in ya faɗi a kan kurmi, ganye ya tare shi, saiwa ta shanye shi, sai ya riƙa tsattsafowa a hankali har cikin rani. In ya faɗi a kan ƙasar da aka aske, a rana ɗaya zai gangaro, ya kwaso ƙasar ya zuba a kogi. Mafi yawan abin da ya rage wa Nijeriya na kurmi na asali a wannan jiha yake. An kafa gandun dajin ƙasa na Kuros Riba a 1991, ɓangare ɗaya a Oban ɗaya a Okwangwo, kuma a duwatsun da ke kan iyakar nan ne kaɗai ake samun wani irin gwaggon biri da aka ƙiyasta bai fi 300 ba a duniya. Gwamnatin jiha ta hana saran katako a 2008, aka ɗage hanin a 2023, amma duk mai bin hanyar Ikom da dare ya san motocin katako ba su taɓa daina wucewa ba a tsakanin waɗannan shekaru. A daminar 2012 ƙasa ta zaftare a tsaunin Afi, ruwa da laka da gungume suka sauko wa ƙauyukan gindinsa, gonaki da gadoji suka tafi. Tashar jiragen Kalaba kuwa kowa ya san kukanta, yashi da laka suna cike hanyar, manyan jirage ba sa iya shigowa sai an yashe.

Na san wani zai ce mu baƙi ne, ina ruwanmu da dajin mutane. Ni ban yarda da wannan magana ba. Wani kaso na katakon nan Arewa yake tafiya, kuma a cikin masu saye da masu lodi da masu tuƙi akwai namu. Namijin goron da nake saye, da ogbono, da zumar da wasunmu ke kai wa gida, duk 'ya'yan kurmin nan ne, in ya tafi sun tafi. Mun kuma fito daga ƙasar da ta san abin da ake nufi da a wayi gari babu itace. Duk wanda ya kai shekara 50 a cikinmu zai iya lissafa dazuzzukan da ya sani yana yaro waɗanda yanzu ko kirya ɗaya babu. Mutanen nan ba su taɓa ganin rijiya ta ƙafe ba, shi ya sa in ka yi musu zancen sai su ɗauka almara ce. Akwai ƙauyuka irin su Ekuri da suka tsaya tsayin daka a kan dajinsu, har suka yi ta ƙorafi a kan babbar hanyar da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2015 wadda za ta ratsa shi. Ina ganin ɗan kasuwar da ya tambayi inda katakon da zai loda ya fito, bai yi asarar komai ba.

Ga kuma 'ya'yanmu. Nawa duk a nan aka haife su, suna jin Efik fiye da ni, ruwan sama ba ya hana su fita. Ƙaramin ya zo mini da aikin makaranta an ce ya zana kogunan Nijeriya, ya zana Kwara da Binuwai, ya tsaya. Na ce, "Ina namu?" Ya ce, "Baba, wanne, na Wudil?" Da muka je gida da salla na kai shi bakin gadar Wudil, ya leƙa, ya tambaye ni ƙarfe nawa ruwan yake dawowa.

Can ƙarshen tafiyar, bayan an wuce tsibirin da ake kira Tsibirin Aku, kogin yakan buɗe har faɗinsa ya kai wajen kilomita 24, ba ka ganin wannan gaɓa daga waccan. Ta hannun dama in kana fuskantar teku ƙasar Akwa Ibom ce, wadda aka cire daga Kuros Riba a 1987. Ta hagu kuma, bayan kogin Akpayafe, Bakassi ce, wadda Kotun Duniya ta ba Kamaru a 2002, aka kammala miƙa ta a watan Agustan 2008. Masuntan da aka taso daga can da yawansu a Akpabuyo da gefen Kalaba suka ƙare, wasunsu mun yi ciniki da su shekara da shekaru. Kogin da ya fito daga Kamaru ya zagaya ta Nijeriya, a bakinsa ya sake komawa kusa da Kamaru.

Sau ɗaya na kai har wajen, a jirgin wani mai sayen kifi da ya ɗauke ni don in ga sansanonin masunta. Bukkoki ne a kan turaku, hayaƙin banda yana tashi daga kowace, ruwan sha kuwa a jarka ake kawo musu daga gari alhali ruwa ya kewaye su ta ko'ina. Watan Satumba ne, kogin yana cike, ruwansa ja kamar kunun kanwa, kuma ya tura cikin Tekun Atlantika da nisa kafin ya gauraya, har kana ganin layin da jan ya haɗu da shuɗin. Na ɗebo da hannu na ɗanɗana, gishirin kaɗan ne. Ba mu daɗe ba mai jirgin ya dubi turakun bukkokin, ya ce ruwa ya fara juyawa, in muka bi shi yanzu zai kai mu gari da rabin man da muka ƙona a zuwa. Muka kama hanya.